Koren da ba ciyawa ba ne

Ranar Talata ce da hantsi, ina zaune ni kaɗai a biro, wato ofishinmu, na ɗora kibiyar ordinata, kwamfutar aiki, a kan koren nan na taswira da ke arewa da Tenhya. Ba wani laifi nake nema ba. Shef, shugaban biro ɗin, shi ne ya ce in fitar masa da lambobin wurare uku da suka fi ciyawa don rahoton ƙarshen damina, sai na fara da wanda ya fi kowanne duhun kore. Lamba ta fito a ƙasan allo: 255. Na matsa kaɗan, 255. Na ja kibiyar can gefe, tafiyar yini guda a ƙasa, 255. Na koma tsakiya, ita ce dai. A shekara uku da na yi ina wannan aikin ban taɓa ganin ciyawa ta yi haka ba. Ko a kwarin Tarka, inda ƙasa ta fi riƙe ruwa, nan za ki ga ɗari da tamanin, kusa da shi ɗari da sittin, gaba kaɗan tudu ya katse ta. Taswirar nan kwananta goma sha ɗaya a hannun makiyaya.

Salama, lokacin kina cikina wata biyar, babanki yana can arewa wurin aikinsa, ni ina gidan iyayena a Tanut. Yau da nake rubutu kina rarrafe, kina jan bakin tabarma. Na san wata rana wani zai ce miki uwarki ce ta kashe mutum da na'ura, wani kuma don ya faranta miki zai ce babu ruwana, tauraron ɗan adam ne ya yi kuskure. Duka biyun ba daidai ba ne. Shi ya sa na ɗauki alƙalami da kaye, littafin rubutu, tun abin bai dushe mini ba, ko da yake har yanzu in aka buga ƙofa da ƙarfi sai na ajiye abin da ke hannuna.

Bari in gaya miki yadda aikin yake, don in ba ki gane shi ba ba za ki gane laifina ba. Biro ɗinmu ƙarami ne, ɗaki biyu, na wani shiri mai taimakon makiyaya. Duk kwana goma sha biyar ana aiko mana da hoton ƙasar Damargu daga sama. Hoton nan ƴan ɗigo ne jere kamar saƙar tabarma, kowane ɗigo fili ne a ƙasa, kowanne da lambarsa daga sifili zuwa ɗari biyu da hamsin. Lamba babba, ciyawa da yawa. Amma akwai inda gajimare ke tare idon tauraron, bai ga komai ba. A nan masu aiko da hoton sukan sa wata lamba ta musamman wadda ma'anarta ita ce: ban gani ba. Aikina shi ne in gaya wa na'ura wace ce wannan lambar, ta rufe ta, ta bar wurin fari a taswira, kada ta lissafa shi da ciyawa ko da rashinta. Ba da danna hotuna ake yi ba. Wata baƙar taga ake buɗewa, babu komai a cikinta sai ɗan haske yana ƙiftawa, a rubuta umarni layi-layi. Injiniyan da ya kafa mana aikin kafin ya koma Yamai ya rubuta mini layi biyar a kaye mai shuɗin bango. Ni dai a lise, wato sakandare, na tsaya, ban kai ga bak, jarrabawar ƙarshe, ba, bugun na'ura kuwa a coci na koya, wajen buga takardar waƙoƙin Lahadi. Layukan nan biyar na haddace su kamar addu'ar Ubangiji.

Layi na farko tambaya ce kawai: yana sa hoton ya faɗi girmansa da lambar da aka sa masa ta ban gani ba. Layi na uku shi ne na rufewa, kuma a kaye sifili aka rubuta a ƙarshensa. Shekara biyu ina buga layin farko, kullum amsa ɗaya, sifili. Sai na fara tsallake shi. Ba wanda ya sa ni. Wani lokaci batir ɗin sola na gab da mutuwa, wani lokaci Shef na tsaye a kaina don taswira ta kama ranar kasuwar Belbeji, amma gaskiyar magana ita ce na ga kamar na san amsar. A watan Satumba masu aiko da hoton suka canja tsari, lambar ta koma 255. Sun aiko da sanarwa da Turancin Ingilishi, tana akwatin saƙon Shef, bai buɗe ba. Ni kuma na buga layi na uku yadda na saba. Na'ura ta rufe sifili, ta ɗauki 255 a matsayin ciyawar da ta fi kowace ciyawa, ta shafa mata kore mai duhu. Gajimare ne ya yi kwanaki a can sama bai zubar da komai ba. Shi na buga a takarda, shi na karanta da muryata a saƙon waya da muke turawa arɗo-arɗo, shugabannin Fulani, da masu raƙuma: arewa da Tenhya akwai makiyaya mai kyau.

Ranar Talatar nan na buɗe baƙar tagar, na buga layin farko. Amsa ta gangaro, na bi ta da ido har layin da nake nema. 255. Na sake buga layi na uku da lambar gaskiya, na buɗe sabuwar taswirar. Koren ya tafi. Wurin ya zama fari fat, gefensa kuma ja-ja ne, launin ƙasar da ba ta tsiro ba.

Mushe Isufu, shef ɗinmu (Mushen nan na Faransanci ne, kamar a ce Malam), ya shigo wajen sha ɗaya. Ba mugun mutum ba ne, shi ya ɗauke ni aiki lokacin da wasu suka ce a nemi mai digiri. Na juya masa allon, na nuna masa taswira biyun. Ya duba, ya je ya tura ƙofa.

“Wa kika gaya wa?”

“Ba kowa, Mushe.”

“To ki bar shi haka. Ranar Asabar sabon hoto zai zo, mu fitar da sabuwar taswira, shi ke nan. In an tambaya, tauraro ne. Wa zai je sama ya tambaye shi?”

“Mushe, waɗanda suka riga suka tafi fa?”

“Rahila, Bafillace ya san daji tun kafin a haifi kakanki. Kina tsammanin takardarki yake bi? Ki yi hankali da kanki. In maganar nan ta fita, shirin nan ya mutu, ke ma kin san ba ni kaɗai zan sha ba.”

Na ce to. Na rufe ordinata na tafi gida da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba.

Kakarki Saratu tana dama fura a gindin darbejiya, kakanki Malam Dauda yana gyara ƙafar bencin coci da ya kawo gida. Shekara goma sha tara ke nan da aka turo shi daga Maraɗi aikin bishara, kuma masu zuwa sujada ba su cika ɗaki ɗaya ba. Na zauna a ƙasa na faɗa musu komai, da lambar, da layin da na tsallake. Ina tsammanin Baba ne zai ce in je in faɗi gaskiya, Inna ta ce in gudu. Sai abin ya zo a juye. Baba ya ajiye guduma.

“Ba ke kaɗai ba ce a garin nan,” ya ce. “In aka ce ƴar Malam Dauda, ba ke ake nufi ba, mu duka ake nufi. Shekara nawa muna zaune lafiya da mutane? A bari zuwa Asabar ɗin, mu yi addu'a.”

Inna ba ta daina damu ba.

“Malam, nonon wa nake damawa?”

“Saratu, ba wannan ake ba.”

“Na kanti ne, madarar gari. Ka san dalili? Dije mai kawo mini nono ba ta zo ba kwana tara. Na tambaya a kasuwa, aka ce rugar Arɗo Juli ta tashi, rabinsu sun yi arewa da Bello ƙanensa, an ce musu akwai ciyawa bayan Tenhya. Dije da goyonta. Kai kana maganar Asabar.” Ta juyo kaina. “Ke, muryarki ce ta tura su?”

“Tawa ce, Inna.”

“To ita za ta dawo da su. Wanke fuskarki.”

Baba ya ce mata ba ta san abin da take jawowa ba. Ta ce ta sani sarai, ta fi shi sanin Fulani, shekara goma sha tara tana cinikin ƙwarya da su yana cinikin benci. Bai yi dariya ba, ita ma ba ta yi ba. Daga baya ya tashi ya sa hularsa, ya ce in dai za a yi, ba zan tafi ni kaɗai ba.

A tsakar gidan nan na ɗauki saƙon murya, lambobin arɗo-arɗo duk suna wayata. Na ce: Ni ce Rahila ta biro ɗin taswira. Koren da na ce yana arewa da Tenhya ba ciyawa ba ce, kuskurena ne. Wanda bai tafi ba kada ya tafi. Wanda ya san inda mutanen Bello suke ya faɗa. Baba ya ce in cire kalmar kuskurena. Na ce in na cire, za su ɗauka wata dabara ce ta hana su makiyaya, ba za su juyo ba. Na tura. Daga nan muka je wurin likitan dabbobi na gari, ya saurare ni, ya kira wasu, kafin la'asar an samu kamiyo, babbar mota, an ɗora gangunan ruwa da buhunan dusa. Da safe Mushe Isufu ya aiko a karɓi makullin biro a hannuna. Bai zo da kansa ba.

Kwana uku ba labari. Can babu rezo, waya ba ta kamawa sai ga wanda ya hau tudu. Ranar Juma'a direban kamiyon ya dawo, ya tsaya a ƙofar gidanmu bai ko kashe mota ba, ya gaya wa Baba, ni ina bayan zana ina ji. Ya ce mutanen Bello sun yi tafiyar kwana huɗu da shanu suka isa wurin, suka tarar da ƙasa tsirara, rijiyar da suka dogara da ita kuma laka ce. Komawa baya kwana huɗu ne, shanun ba za su kai ba. Bello ya ce su zauna, shi zai yi gaba a ƙafa ya duba wata tsohuwar rijiya da ya sani tun yana saurayi. Bai dawo ba. Kamiyon ya samu mata da yara da rai, Dije da goyonta suna ciki, amma shanu sun zube da yawa, direban ya ce warin ya tare su tun kafin su hango rugar. Bello kuwa a gindin wata aduwa aka same shi, ya tada kai da sandarsa, gorarsa a bushe. Direban ya ce an gane shi da rawaninsa.

Ban san Bello ba, Salama. Ban taɓa ganin fuskarsa ba. Abin da na sani shi ne wurin da ya kwanta ɗigo ne a allona, kuma na taɓa wucewa ta kansa da kibiya.

Ranar Lahadi mutum shida ne suka zo sujada. Ranar Litinin da safe Inna ta leƙa waje ta dawo ta sa sakata. Wani mutum na zaune a gindin bishiyar da ke fuskantar ƙofarmu, dogo, siriri, da takobi a kan gwiwarsa. Umaru ne, babban ɗan Bello, magidanci mai ƴaƴa uku. Bai yi ihu ba, bai zagi kowa ba, bai ko taɓa ƙofar ba. Yana zuwa da fitowar rana, ya tashi in an kira magariba, in lokacin salla ya yi ya yi ta a wurin ya koma ya zauna. Baba ya fita ya gaishe shi, ya yi masa ta'aziyya da Hausa, ya haɗa da ɗan Fillancin da ya iya. Umaru ya dube shi ya ce:

“Ba kai nake jira ba, tsoho.”

Jandarma biyu suka zo suka rubuta bayanina, ƙaramin yana ta tambaya ko 255 kuɗi ne ko lambar mota. Suka ce ba su ga abin da doka za ta kama ni da shi ba, shi ma Umaru zama a gindin bishiya ba laifi ba ne, kuma kowane makiyayi da takobinsa yake yawo. Suka ce dai kada in fita. Aka yi maganar a fitar da ni ta katangar baya a sa ni motar Damagaram, Inna ta ce da cikin nan ba zan hau katanga ba, kuma in na gudu, su da za su zauna fa? Maƙwabciyarmu Hajiya Mariyama tana miƙo mana cefane ta saman katanga, ita ce kuma ta gaya wa Inna cewa a kasuwa ana cewa an biya ni ne don manoma su huta da shanu. Kwana takwas ina ɗaki. Akwai wata ƴar kafa a jikin ƙyauren zaure, in na sa ido ina ganin ƙafafunsa da bakin kuben takobin. Na hana kaina leƙawa, kuma ina leƙawa. In na rufe ido baƙar tagar nake gani da ɗan haskenta yana ƙiftawa, yana jiran in buga layin da zai ɗauke ni daƙiƙa biyar.

Rana ta tara, bayan azahar, muka ji sallama da wata murya da ba mu sani ba. Arɗo Juli ne da kansa, wan Bello, tsoho ne mai farin gemu, ƙura har gwiwa. Daga wurin binne ƙanensa da tattara abin da ya rage na garken yake. Baba ya shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ni ina ɗaki. Sai ya ce a fito da yarinyar. Na fito na durƙusa nesa da shi, na ce Baba Arɗo, ya haƙuri.

“Ke ce muryar?”

“Ni ce.”

“Ta farko da ta biyu?”

“Duka ni ce.”

“Faɗa mini yadda aka yi. Kada ki sa mini Faransanci.”

Na faɗa masa. Na ce akwai wurin da na'urar ba ta gani ba, ta ce ba ta gani ba, ni ce ban tambaye ta ba, na ce muku ta ga ciyawa. Na ce akwai takarda da aka aiko ba a karanta ba, amma ko ba ita, da na yi aikina yadda aka koya mini da na gani. Ya saurara, idonsa a kan tabarma.

“Wani ya tilasta miki yin magana ta biyun?”

“Uwata.”

Ya ɗaga kai ya dubi Inna da ke tsaye a ƙofar madafa. Ya ce ya san ta, mai fura. Sannan ya sa Baba ya kira Umaru. Umaru ya shigo ya tsaya a bakin zaure, takobin a rataye, bai zauna ba. Arɗo ya yi magana da Hausa don mu ji.

“Umaru, mu muna da garso. Malam, garso shi ne mutumin da muke turawa gaba kafin garke ya motsa, ya ga ciyawa da idonsa, ya ɗanɗana ruwan rijiya, ya dawo ya faɗa. Ubana bai taɓa ɗaga ruga ba tare da shi ba. Bana ubanka ya ce mini a tura garso. Na ce shekara uku takardar nan ba ta yi ƙarya ba, in muka tsaya jira wasu za su riga mu. Ni na ce ku tashi. Kana wurin ko ba ka wurin?”

Umaru ya kau da kai.

“Na ce kana wurin?”

“Ina wurin, Baffa.”

“To in zama za ka yi da takobi, ka san ƙofata. Ruga biyu suna kan hanya muryar yarinyar nan ta juyo da su. Motar da ta ba ƴaƴanka ruwa, ita ta tashe ta.”

Umaru ya ce wani abu da Fillanci, gajere. Arɗo ya amsa masa da kalma ɗaya. Sannan Umaru ya cire takobin daga kafaɗarsa ya miƙa wa baffansa da hannu biyu, ya juya fuskarsa ga bango. Na ga kafaɗunsa suna motsi.

Arɗo ya ɗora takobin a kan cinyarsa ya juyo gare ni.

“Ban ce miki an yafe ba, yarinya. Wannan ba a hannuna yake ba, Bello yana da mata da ƴaƴa, kuma ni ma ban yafe wa kaina ba. Kada ki zo rugarmu, kada mu ƙara jin muryarki a waya. Amma ba wanda zai taɓa ki, ko ke, ko gidan nan, ko ɗakin addu'arku. Na faɗa a gaban ubanki, zan faɗa a kasuwa. Ku cire sakatarku.”

Ana kiran la'asar a masallacin unguwa lokacin. Na so in ce na gode, na ga ba kalmar wurin ba ce. Ya tashi da ƙyar, Baba ya kama masa hannu. Ni kuwa ina nan durƙushe ina kallon inda ya zauna, har Inna ta zo ta taɓa kafaɗata.

“Tashi ki raka baƙi.”

Na dafa ƙasa na tashi. Na bi su har ƙofar gida, na tsaya a waje, haske yana sukar idona. Tsohon yana gaba da takobi a hannu, Umaru na bayansa hannu wofi. Har suka sha kwana ba wanda ya waiwayo.